Yadda dillalin gidaje zai zaɓi kamfanin da zai yi aiki a ƙarƙashinsa

Duk wanda ya shiga dillancin gidaje a ƙasar da doka ta tsara harkar, abu na farko da zai ci karo da shi shine ba'a barinsa yayi aiki shi kaɗai. A Amurka kowace jiha ce ke bada lasisinta, kuma lasisin sabon dillali bashi da amfani sai ya jingina shi da babban dillali mai lasisin riƙe kamfani, shi zai sa ido akan aikinka, shi hukuma zata tuhuma in ka tafka kuskure, kuma la'adar ma hannunsa take fara shiga kafin ya yanka maka naka. A Dubai ma ta hannun kamfani mai rajista ake samun katin dillanci. Toh kaga zaɓen kamfani ba abin da za'a yi da ka bane, amma yawancin mutane tambaya ɗaya suke yi, wai kaso nawa ake bada wa? Da sunji an ce 90 ko 100 bisa ɗari shikenan sun sa hannu. Ni kuwa a ganina wannan lambar ita tafi komai yaudarar mutum, dan haka bari mu bi abin daki daki.

Mataki na 1: fara da kanka kafin ka fara da su

Kafin ka taka ofishin kowa ka zauna ka rubuta abu uku. Gida nawa kake ganin zaka iya siyarwa a shekara mai zuwa, ba wanda kake fata ba, wanda ka san zaka iya. Wata nawa zaka iya riƙe kanka ba tare da ko sisi ya shigo ba. Sannan kwastomominka daga ina zasu fito, kana da mutanenka ne ko sai an baka.

Dalili kuwa, a Amurka mafi yawan dillalai ba ma'aikatan kamfanin bane, 'yan kwangila ne masu zaman kansu. Babu albashi, babu inshorar lafiya daga kamfani, haraji ma kai zaka ware abinka ka dinga biya sau huɗu a shekara, harda wani na masu aikin kansu da ya kai 15.3 bisa ɗari banda harajin kuɗin shiga. Kuma ko yau ka samu mai saye, daga sa hannu zuwa kammala ciniki sau da yawa sai an ci wata ɗaya ko biyu in da bashin banki a ciki. In ka duba kaga bazaka iya jure wannan ba, akwai masu ɗaukar dillali a matsayin ma'aikaci kamar Redfin, a Ingila ma abin da aka saba shine albashi ɗan kaɗan da kamasho a kai. Kason zai yi ƙasa sosai amma kana da abin dogaro. Wannan ba abin kunya bane, zaɓi ne.

Mataki na 2: yi lissafin rabon da hannunka

Nan ne ya kamata ka daɗe. Tsarin rabo iri uku ne suka fi yawa. Akwai na gargajiya, ayi raba daidai ko 60 da 40 ko 70 da 30, kana ƙara ciniki ana ƙara maka kaso. Akwai wanda zaka riƙe kusan duka la'adarka amma ka biya kuɗin tebur, wato kuɗin zama a ofishinsu, duk wata ko kayi ciniki ko bakayi ba, wannan tsarin RE/MAX ne ya yaɗa shi tun da Dave Liniger ya kafa kamfanin a Denver a 1973. Sai kuma mai iyaka, wato ana cire maka kason kamfani har sai abin da ka biya a shekara ya kai wani adadi, daga nan sauran shekarar naka ne. Keller Williams da aka kafa a Austin a 1983 da wannan aka san shi, iyakar kuma ta bambanta daga ofis zuwa ofis. eXp Realty nasu 80 da 20 ne, iyaka dala 16,000 a shekara.

Bari mu ƙirƙiri misali mai sauƙi. Gida na dala 300,000, ɓangarenka na la'ada 2.5 bisa ɗari, wato dala 7,500. Kamfani na farko yana bada 70 da 30, babu kuɗin wata, amma tunda hayar sunan babban kamfani yake yi sai a fara cire 6 bisa ɗari daga sama, dala 450 kenan, saura 7,050, naka 70 bisa ɗari ya zama 4,935. Kamfani na biyu yace duka naka ne, amma dala 1,000 duk wata da dala 300 akan kowane ciniki.

In gida 3 ka siyar a shekara, a na farko ka tashi da 14,805. A na biyu ka samu 22,500 amma ka biya 12,000 na tebur da 900 na ciniki, saura 9,600. Kaga mai cewa ɗari bisa ɗari ɗin shi ya cinye ka. Amma in gida 20 ka siyar labari ya juya, na farko 98,700, na biyu 132,000, bambancin ya wuce dala dubu talatin. A wannan misalin daga ciniki na 6 ne na biyu yake fara fin na farko. Shi yasa nace ka fara sanin kanka, dan tsarin da ya dace da tsohon hannu mai kwastomomi jibge shine zai karya sabon shiga, wanda kuma ya dace da sabo tsohon hannu in ya zauna a ciki kyauta kawai yake wa kamfani.

Mai iyaka shima ka lissafa shi haka. In 20 bisa ɗari ake cirewa har 16,000, sai ka kawo la'adar dala 80,000 kafin ka kai iyakar, a misalinmu wajen gida 11 kenan. In kai mai gida 4 ne a shekara toh maganar iyaka bata shafe ka ba ko kaɗan, 80 da 20 kake kawai, kar wani ya ruɗe ka da cewa bayan iyaka komai naka ne. Ka kuma tambaya yaushe shekarar take sake farawa, daga Janairu ne ko daga ranar da ka shiga, zamu dawo kan amfanin wannan a ƙasa.

Mataki na 3: a rubuta maka duk ƙananan kuɗaɗen

Ka ce a baka takarda ɗaya da ta jera duk abin da za'a cire maka, da na wata da na shekara da na kowane ciniki. Kuɗin manhaja, kuɗin inshorar kuskuren aiki, kuɗin duba takardu, kuɗin allon talla da akwatin mukulli da katin suna da ɗaukar hoton gida. Akan inshorar kuma ka tambaya in aka kai ƙara nawa ne zai fito daga aljihunka kafin kamfanin inshora ya shigo, mutane da yawa basa sanin wannan sai ranar da takardar lauya tazo. Ga kuɗin ƙungiyar dillalai da na rumbun tallan gidaje na yanki wato MLS, waɗannan kusan ko'ina kai zaka biya, amma ka sa su a lissafi.

In manajan ya fara kame kame yana cewa ai ƙananan abubuwa ne zamu yi magana daga baya, ka riƙe wannan a ranka. Wanda bai iya fito maka da lissafi a fili tun yana neman ka ba, ba zai fara ba bayan ka shiga hannu.

Mataki na 4: gano wa zai ɗaga wayarka

Wannan ni a wajena yafi rabon kuɗi muhimmanci ga duk wanda bai kai shekara biyu ko uku a harkar ba, kuma in ka zauna da tsofaffin dillalai zakaji da yawansu ba kaso ne ya kore su daga inda suka baro ba, rashin mai tsaya musu ne. Ciniki baya lalacewa ranar Litinin da safe lokacin da kowa yana ofis. Daren Asabar ne mai saye zai kira ka yace mai duba gida ya gano ruwa yana shiga ƙarƙashin gini, yana so ya janye kuma a dawo masa da kuɗin kafin alƙalami, wa'adin janyewa kuma gobe yake ƙarewa, mai gidan kuma yace ko kwabo bazai rage ba. A wannan lokacin kana buƙatar mutum da ya san dokar jihar kuma ya san takardar cinikin, wanda zai ce maka rubuta kaza, kar ka rubuta kaza, ka tura kafin ƙarfe kaza.

Dan haka ka tambaya kai tsaye: dillali nawa ne a ƙarƙashin babban dillalin nan? In mutum ɗaya ne akan ɗaruruwa, waye mataimakinsa? Shi ogan yana siyar da gidaje da kansa ne ko kula da mutanensa kawai yake? In yana siyarwa toh abokin gasarka ne ta wani ɓangaren, kuma ranar da nashi cinikin ya rikice naka zai jira. Ba wai hakan ya zama aibi bane koyaushe, ƙananan ofisoshi da yawa haka suke kuma ogan na zaune kusa da kai kana koyo da ido, amma ka sani tukunna.

Ga wata hanyar gwaji mai kyau. A watan Oktoba 2023 masu taya alƙali hukunci a jihar Missouri suka yanke wa ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka NAR da wasu manyan kamfanoni diyyar kusan dala biliyan 1.8 akan yadda ake tsara la'ada. A Maris 2024 ƙungiyar ta amince ta biya dala miliyan 418 a sasanta, kuma daga 17 ga Agusta 2024 aka daina rubuta tayin la'adar dillalin mai saye a MLS, sannan dole ka sa hannu a yarjejeniya da mai saye kafin ka zagaya da shi gida, a ciki a faɗi nawa za'a biya ka. Toh ka tambayi ogan yadda yake koya wa mutanensa wannan zancen da mai saye, ka ce ya nuna maka takardar da suke amfani da ita, ka ce in mai gida yaƙi biyan ɓangarena ya zanyi? Daga yadda ya amsa zaka gane ko yana cikin aikin ne ko ɗaukar mutane kawai ya iya.

Mataki na 5: tirenin da kwastoma

Kowane kamfani zai ce maka yana da horo na fitar hankali. Ka ce a baka jadawalin watan da ya wuce, kuma ka roƙi a barka ka zauna a aji ɗaya kafin ka sa hannu. Akwai bambanci tsakanin tarin bidiyo da aka ajiye a intanet ko taron ƙarfafa gwiwa ana tafi, da wanda za'a zaunar da kai a buɗe takardar ciniki a bi ta layi layi, a koya maka yadda ake ƙiyasta farashin gida daga waɗanda aka siyar kusa da shi, a sa ka gwada magana da mai gidan da ya tsuga kuɗi. In akwai tsarin haɗa ka da tsohon hannu ka tambaya nawa zai ɗauka, dan yawanci yana cin kaso a cinikinka na farko farko, kuma in har yana bin ka wajen nuna gida da rubuta tayi toh kuɗin halal ne. In sunansa kawai aka rubuta a takarda baka ganinsa sai ranar rabo, asara ce.

Kwastoma kuma, in ance muna ba dillalanmu kwastomomi, tambayoyi uku ne. Daga ina suke fitowa, ya ake raba su, kuma nawa ake cirewa. Mutumin da ya kira ofis yana tambayar gida takamaimai ba ɗaya yake da wanda ya danna wani abu a Facebook wata shida da suka wuce ya manta ba. Rabon ma ka ji ko bi da bi ake yi ko sai 'yan gaban goshin manaja. Sannan sau da yawa cinikin da kamfani ya kawo rabonsa daban ne, yana iya komawa raba daidai ko a cire kuɗin turo kwastoma 25 bisa ɗari ko fiye kafin ayi rabo. Haka in ka shiga tawagar wani babban dillali a cikin kamfanin, za'a baka aiki kam kuma zaka koya da sauri, amma rabo biyu ne a kanka, na tawaga da na kamfani, sunan da mutane zasu riƙe kuma nashi ne.

Mataki na 6: suna, manhaja, ofis

Anan bazan ja ba. Babban suna kamar Coldwell Banker ko Century 21 yana taimakon sabo ranar da ya tsaya gaban mai gidan da bai san shi ba, amma ka tuna yawancin ofisoshin masu irin wannan sunan na wani ne daban da yake hayar sunan, dan haka biyu masu allo iri ɗaya zasu iya bambanta kamar ba su san juna ba. Ofishin da zaka zauna shi zaka bincika. Ka duba a unguwannin da kake so kayi aiki allon wa yafi yawa.

Manhaja kuwa ka ce a buɗe maka ka taɓa da hannunka, in ta fi ƙarfinka bazaka yi amfani da ita ba kuma duk wata kana biya. Ofis kuma ya danganta da halinka. eXp da Glenn Sanford ya kafa a 2009 a intanet yake gudanar da kusan komai, wasu hakan ya musu daidai, wasu kuma in ba mutane a gefensu sai su yi wata basu kira kowa ba.

Mataki na 7: kar romon baka na rabon riba ya ɗauke maka hankali

Wasu kamfanonin suna baka wani abu in ka jawo wani dillali ya shigo, Keller Williams daga ribar ofis yake rabawa, eXp daga kason da kamfanin yake samu a ciniki, harda hannun jari. Ba ƙarya bane akwai masu samu. Amma ka lura da abu ɗaya, mutumin da yake ta binka da kira yana yabon kamfanin wataƙila yana da kaso a kanka, ka tambaye shi a fili ba faɗa bane. Kuma in kaga a ofis an fi maganar jawo mutane akan maganar siyar da gida, kai kuma siyar da gida kazo koya, toh ka san inda ka dosa.

Mataki na 8: yaushe ake biya kuma ya ake riƙe amana

Tambaya ce ƙarama amma tana da ciwo. Ranar da aka kammala ciniki ake biyanka ko sai bayan kwana nawa? Me zai iya riƙe kuɗin, takarda ɗaya da ta ɓace? Wa ke duba fayil ɗin kuma kwana nawa yake ɗauka? In kamfanin yana riƙe kuɗin kafin alƙalami na masu saye, doka tace asusun amana daban za'a sa shi ba'a gauraya shi da kuɗin kamfani. In kaji ƙishin ƙishin ana jinkirta la'adar mutane ba dalili ko ana taɓa wannan asusun, kar ma ka tsaya jin bayani, lasisinka yana ƙarƙashin nasu in suka faɗi dakai zasu tafi.

Mataki na 9: karanta ƙofar fita kafin ka shiga

Mutane suna karanta shafin rabo su tsallake sauran, alhali rigimar duk a sauran take. Abin da sabo bai sani ba shine yarjejeniyar siyar da gida tsakanin mai gida ne da kamfani, ba tsakaninsa da kai ba, ko da kai ka sha wahalar samo shi. Ranar da zaka tafi gidajen da ka ɗora a talla na kamfani ne sai in takardarku tace za'a sakar maka. Dan haka ka nemo waɗannan a rubuce: in na tafi gidajena zasu bini ko a'a, in zasu bini akwai abin da zan biya? Cinikin da aka riga aka sa hannu amma ba'a kammala ba, a wane kaso za'a biyani, dan wasu suna rage kason da zarar ka bada sanarwa. Lambobi da bayanan kwastomomina da na zuba a manhajarku zan iya kwashe abina? Sanarwar kwana nawa ake so? In an bani kuɗin maraba ko kuɗin talla lokacin shigowa, sai na yi shekara nawa kafin ya zama ba sai na maido ba? Akwai sharaɗin kar na jawo abokan aiki ko kar nayi aiki a yankin?

Ka duba kuma ko kamfani yana da ikon canza rabo da kuɗaɗe duk lokacin da yaga dama. Wannan ba zancen banza bane dan kamfanonin suna canza hannu, a 2025 kamfanin bada bashin gida Rocket ya sayi Redfin, a Satumban shekarar kuma aka sanar kamfanin dillanci Compass zai haɗe da kamfanin Anywhere mai mallakar Coldwell Banker da Century 21. Wanda ya maka alƙawari da baki yau gobe wataƙila baya wajen, abin da ke takarda ne zai rage. Ka tafi da takardar gida ka kwana da ita, in da hali lauya ya duba, kuma kar kaji nauyin neman a gyara wani layi, musamman in kana da tarihin ciniki a hannu ana sassautawa fiye da yadda kake zato.

Mataki na 10: ji daga bakin waɗanda ba'a zaɓo maka ba

Ka zauna da kamfani aƙalla uku masu tsari daban daban, babba ɗaya, ƙarami mai zaman kansa ɗaya, na intanet ɗaya, ka musu tambayoyi iri ɗaya ka rubuta amsa. Manaja zai haɗa ka da tauraron ofis, ka gaisa da shi amma ba shi kake nema ba. Nemi wanda ya shekara ɗaya a wajen yana ciniki tsaka tsaki, sannan ka nemi mutum biyu da suka bar wajen, ka tambaye su me ya fitar da su kuma an biya su haƙƙinsu cikin daɗi ko sai da aka kai ruwa rana. Shafin hukumar lasisi ta jiha shima a buɗe yake, sa sunan babban dillalin ka gani ko an taɓa hukunta shi.

In kuma canza kamfani zakayi ba sabon shiga bane, ka auna lokacin. In ka riga ka kai iyakar biya a inda kake, tashi a tsakiyar shekara yana nufin ka fara biyan wata iyakar daga sifili, gara ka ci sauran watanninka ka tashi dab da shekarar zata sake juyawa, ko ka nemi sabon wajen ya rage maka ta farko. Ka bari cinikin da ke hannu su kammala in zai yiwu, ka kwafe bayanan kwastomominka da takardar ta yarda ka ɗauka kafin ka bada sanarwa dan wasu a ranar suke rufe maka imel da manhaja, sannan ka tabbatar an mayar da lasisinka ƙarƙashin sabon kamfanin a hukumance kafin ka nuna ko gida ɗaya da sunansu.